Wasiƙa ga Ummi a Kan Aikin Lauyan Haraji

Kaduna,
Sha'aban 1447.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina nan lafiya kamar yadda muke a nan. Allah Ya yi miki albarka.

Maganar da kika kawo mini ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ce ki saurara in rubuto miki. Kin ce kin tsai da zuciyarki a kan dokar haraji, kuma yanzu da bautar ƙasa take ƙarewa hanya uku ce a gabanki: ko ki nemi shiga sashen shari'a na hukumar tara haraji, ko ki karɓi tayin ofishin lauyoyin nan na Legas, ko ki bi shawarar malaminki ki koma jami'a ki yi digiri na biyu su riƙe ki kina koyarwa. Kin san duka kujerun nan uku na zauna a kansu, ɗaya bayan ɗaya, har furfura ta cim mini a ta ƙarshe. Ra'ayina ba zan ɓoye miki ba. Ki fara da gwamnati, ki fito ki tsaya wa masu biya, koyarwa ta biyo baya. Zan kawo miki dalilaina, amma sai na fara da maganar Baffanki.

Na ji ya ce miki wai jikar malamai ba ta zama 'yar haraji. Kada ki ƙullace shi, ruwa ba ya tsami banza. Ni da shi mun tashi mun ga abin da ake kira haraji a ƙauyenmu. Da kaka ta yi, hakimi zai aiko wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni, a yanka wa kowane magidanci abin da zai kawo, shi da balagaggun 'ya'yansa maza. Wanda damina ta yi wa gardama ma bai tsira ba. Mun ga an sayar da akuyar mace don a biya wa mijinta. Mun ga dattijo zaune cikin rana a ƙofar gidan dagaci, dogari na tsaye a kansa. Samari da yawa da suka tafi cin rani ko haƙar kuza a Jos, kuɗin haraji suka tafi nema. Fulani kuwa in lokacin ƙirga ya zo sai su raba garke su nausa daji saboda jangali. Abin ya girme wa zuwan Turawa, don Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali cikin zaluncin da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da shi. Da Gwamna Lugga ya zo bai soke komai ba, tattara su ya yi cikin dokarsa ta 1906, ya bar sarakuna suna karɓa ana rabawa tsakaninsu da gwamnatin Turawa. Da aka kai tsarin Gabas, matan Aba da kewaye suka tashi a 1929, aka kashe fiye da 50 daga cikinsu. A nan wajenmu sai a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, kuma har gobe in talaka ya tuna su, da wannan yake fara tuna su.

Ta fuskar addini ma Baffanki yana da madogara. An tsoratar ƙwarai a kan mai karɓar dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Ki zauna da malamai ki ji bayaninsu da kunnenki, kada ki tsaya a nawa. Abin da ni dai na riƙe tun ranar da na kama aiki shi ne wasiyyar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal da zai aike shi Yaman. Ya hore shi da ya nisanci zaɓaɓɓun dukiyoyin mutane in ya zo karɓar zakka, kuma ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, don babu shamaki tsakaninta da Allah. Zakka ce fa, haƙƙin Allah, aka yi wa mai karɓarta wannan kashedi. Ina ga haraji, wanda mutane ne suka zauna suka rubuta?

Abin da ya raba harajin da muka gani muna yara da wanda za ki yi wa aiki shi ne rubutacciyar doka. Dagaci ba ya nuna wa kowa sashe. Yau kuwa ba mai ikon karɓar kobo a hannun ɗan ƙasa sai majalisa ta rubuta a fili wa zai biya, a kan me, nawa, yaushe, kuma wa zai karɓa. Alƙalai sun daɗe a kan cewa ba a ɗora haraji da kirdado. In lafazin doka bai kama mutum ba, ya fita, ko da ransa ne ba a so ya fita. A ɗaya ɓangaren, sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowane ɗan ƙasa ya bayyana abin da yake samu tsakani da Allah, ya biya harajinsa a kan lokaci. Dokar haraji mudu ce, Ummi. Mai karɓa so yake a cika har ya yi tozo, mai biya so yake a tauye, ke kuma tsaron mudun aka ba ki, ko a wane gefen buhu kika zauna. Lauyan gwamnatin da ya bari aka karɓi abin da doka ba ta ce ba, da lauyan kamfanin da ya taimaka aka ɓoye abin da doka ta ce, da malamin da ya nuna wa ɗalibai cewa komai daidaitawa ake yi, duk laifi ɗaya suka yi. In kin riƙe wannan, ko kin saɓa mini a kan jerin hanyoyin, hankalina a kwance yake.

To, me ya sa na ce gwamnati tukuna? A babban ofishin lauyoyi, sabon shiga kan yi shekaru yana ɗaukar jakar manya yana binciko musu hukunce-hukunce kafin a bar shi ya buɗe baki a kotu. A hukumar haraji fayil ya fi lauyoyi yawa, don haka tun kina ɗanya za a miƙo miki shari'a ta gaske a ce ki je ki kare. A can ne kawai za ki ga yadda ake haifar takardar ƙiyasin haraji, daga ziyarar masu binciken littattafai, zuwa rahotonsu, zuwa zaman sulhu da akantocin kamfani, har ranar da za a buga lamba a aika. Za ki san inda jami'ai suke da gaskiya, wanda ya fi yadda 'yan kasuwa suke zato yawa, ki kuma san inda suke ƙirƙirar lamba don tsorata mutum ya zo a zauna. Wanda bai taɓa zama a ciki ba, yana iya yin shekara ashirin yana ƙarar hukuma bai fahimci wannan ba.

Kin kuma zo a kan gaɓa. Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu da suka fito daga aikin kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele: ta harajin kansa, ta yadda za a gudanar da shi, wadda ta mai da FIRS, hukumar tara haraji ta tarayya, ta koma NRS, da ta hukumar haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jihohi. Biyun farko sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Dokar harajin kamfanoni, da ta harajin mutum, da ta VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya da ayyuka, da ta ribar man fetur, da ta hatimin takardu, waɗanda muka ƙarar da ƙuruciyarmu muna haddace sassansu, duk an soke su an zuba cikin kundi ɗaya. Yau ni da ke kusan ajinmu ɗaya. Sassa da dama ba a taɓa gwada su a gaban alƙali ba, kuma shari'o'in farko da za su fassara su a teburin lauyoyin hukumar za su fara sauka. Irin wannan dama ba ta zuwa wa mutum sau biyu a rayuwar aiki. Sai dai ki karanta dokar kanta, daga kwafin da majalisa ta tabbatar, kada ki dogara da taƙaitawar da ke yawo a WhatsApp, har ma da ta manyan kamfanonin akantoci. Kin dai ji yadda a Disamban 2025 ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce abin da aka buga a gazet, jaridar da gwamnati take wallafa dokoki a cikinta, ya saɓa da abin da suka zartar. A aikinmu layi ɗaya da aka ƙara ko aka cire yana iya zama biliyoyin naira, ko ya ba jami'i ikon da majalisa ba ta ba shi ba.

Yanzu ga wahalar da ke ciki, don kada ki shiga da ido rufe. Kowace shekara ana yanka wa hukuma adadin da za ta tara, ita kuma ta yanka wa kowane ofishi nasa. In ƙarshen shekara ya ƙarato ba a cika ba, sai hankali ya tashi, kuma a lokacin ne ake tunawa da sashen shari'a. Ba shawara ake zuwa nema ba a irin wannan rana, sa hannunki ake so a kan abin da aka riga aka yanke. A wata hukuma da na yi wa aiki an taɓa kawo mini fayil ana so in rubuta cewa za a iya tono harajin wani kamfani na shekarun da suka wuce shida, alhali doka ba ta yarda a koma baya haka ba sai in akwai zamba, ko ƙin biya da gangan, ko sakaci, kuma babu shaidar ko ɗaya a fayil ɗin. Na rubuta abin da sashen ya ce. An daina kirana taro na wani lokaci, ƙarin girma ya yi jinkiri, amma ba a aika takardar ba. In irin wannan ta same ki, kada ki yi musu da ogan ki a gaban jama'a, kada kuma ki tsaya a faɗa da baki. Ki rubuta cikin ladabi, ki kawo sashe da hukuncin kotu, ki sa kwanan wata da hannunki, ki tabbata ta shiga fayil. Shugaba mai hankali daga baya zai gane cewa kunya kika tsare masa a kotu.

Ki riƙa tambayar kanki kuma, wannan ikon, wa doka ta ba? A 2018 Antoni Janar na Tarayya ya nemi kamfanin MTN ya biya kimanin dala biliyan 2 na haraji. Kamfanin ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas yana cewa ofishin Antoni Janar ba shi da hurumin ƙiyasta haraji. A Janairun 2020 aka janye buƙatar aka mai da maganar hannun FIRS da Kwastan, inda ya kamata ta fara tun farko. In babban lauyan ƙasa zai iya fuskantar wannan tambaya, to jami'in da yake son umartar banki ya riƙe kuɗin mutum, ko ya garƙame masa shago, ya fi cancanta ki yi masa ita. Irin waɗannan iko suna nan a doka, amma bayan bashi ya tabbata ne, bayan an ba mutum damar ya ce bai yarda ba.

Maganar cin hanci ba sai na tsawaita ba, na san tarbiyyar da kika samu. Abin da zan faɗa miki kawai shi ne, ba da jakar kuɗi ake fara zuwa ba. Ragon layya ne zai iso gida ba ki san wanda ya aiko ba, ko kujerar Umra ga mahaifiyarki, ko a ce an samo wa ƙaninki aiki. Ki mayar tun a ƙofa, ki kuma gaya mana a nan kada mu karɓi komai da sunanki, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Abin da kika gani a fayil ɗin mutane kuma amana ne, ko ni kada ki ba ni labari.

Kada ki raina hukumomin jihohi in ta tarayya ba ta samu ba. Harajin albashi da na mai zaman kansa jihar da mutum yake zaune ake biya wa, kuma a nan ne talaka yake haɗuwa da haraji ido da ido. Tun 1998 akwai dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Amma ki tambayi duk wanda ya ɗauko shanu daga Maigatari ko Potiskum, ko albasa daga Aliero, zai nufi Legas, shinge nawa ya tsaya, rasit nawa aka yanka masa, nawa ya biya ba rasit. Kuɗin nan duk a kan mai sayen nama da mai cefane suke ƙarewa. Tsohon harajin da Baffanki yake tsoro, a kan titin nan yake raye. Jihar Kaduna ta tattara harajinta cikin doka ɗaya a 2016 ta hana jami'ai karɓar tsabar kuɗi a hannu, kuma lauyoyi ne suka zauna suka tsara wannan doka. Lauyar da ta iya rubuta irin wannan ta taimaki mutanen da ba za su taɓa jin sunanta ba.

Shekara biyar zuwa bakwai sun ishe ki a gwamnati. Ranar da kika ji zuciyarki ta fara ɗaukar duk mai biyan haraji ɓarawo ne kafin ki buɗe fayil ɗinsa, lokacin fita ya yi.

Kafin ki fita, ki koyi lissafi. Wannan shi ne raunin yawancinmu lauyoyi, mun gudo daga lissafi ne tun sakandare. Amma rigimar haraji kafin ta zama ta sashe, ta lamba ce: me aka saya, me aka sayar, wane kashe kuɗi ne za a cire kafin a ce riba, injin da aka saya a shekara nawa za a rarraba kuɗinsa. In ba ki iya karanta rahoton akanta ba, shi zai riƙa jan ki, ke kina maimaita abin da ya ce a kotu. Ki yi rajistar jarrabawar CITN, cibiyar ƙwararrun haraji ta Nijeriya, tun kina aikin gwamnati. Cibiyar ta fara ne a 1982, doka ta ba ta iko a 1992, kuma shaidarta za ta buɗe miki ƙofofin da rigar lauya kaɗai ba ta buɗewa.

A aikin zaman kai, abu na farko da za ki tambayi duk wanda ya shigo miki da takardar haraji shi ne ranar da ta iso hannunsa. Kwana 30 doka ta ba shi ya rubuta cewa bai yarda ba. In hukuma ta ƙi gyarawa, yana da wasu kwana 30 ya kai ƙara kotun sauraron ƙorafin haraji, wadda take zama a nan Kaduna, da Bauchi, da Jos, da Abuja, da wasu biranen Kudu. Daga can sai Babbar Kotun Tarayya, wadda ma asalinta a 1973 kotun kuɗin shigar gwamnati ce kafin a faɗaɗa ta. In kwanakin nan suka wuce mutum bai motsa ba, ƙiyasin ya zauna daram, ko da kuwa zalunci ne tsagwaronsa. Mutanenmu a nan ne suke faɗuwa. Takardar gwamnati tsoro take ba su, sai mutum ya ninke ta ya sa a aljihu yana neman wanda ya san wani, har wa'adi ya cika.

Akwai wani dillalin hatsi da ya taɓa zuwa mini, saura kaɗan kwanakinsa su ƙare. An duba asusunsa na banki an ga ɗaruruwan miliyoyi sun ratsa ta ciki, aka lissafa masa haraji kamar duk nasa ne. Alhali kuɗin 'yan kasuwar Kudu ne da suke turo masa ya saya musu masara da wake da riɗi a hannun manoma, shi la'ada kawai yake ci a kan buhu. Ba shi da akanta, ba shi da kamfani, asusu ɗaya ne na gida da na kasuwa. Abin da ya cece shi wani littafi ne da yaron shagonsa yake rubuta sunan mai kaya da adadin buhuna, da takardun lodin motoci da yake tarawa a leda. Muka zauna muka jera su wata bayan wata, muka haɗa kowane kuɗi da ya shigo da motar da ta fita, har lambar ta sauko kan abin da ya ci na haƙiƙa, ya biya a kansa. Irinsa dubbai ne a Dawanau, da Kantin Kwari, da Singa. Yanzu da banki da lambar shaidar mai biyan haraji suke ƙara haɗewa, waɗannan mutane suna buƙatar lauyar da za ta zauna da su da harshensu ta ce, Alhaji, raba asusun gida da na shago, ajiye rasit, yi wa kasuwancinka rajista, sabuwar doka ta sauke wa ƙananan kamfanoni harajin riba amma sai wanda yake da littafin da zai nuna ƙarami ne. Wannan aiki ba ya kawo kuɗi irin na Legas da farko, amma fili ne da ba kowa a cikinsa.

Ban ce kada ki je Legas ba. Bayan kin fito daga gwamnati, 'yan shekaru a babban ofishi a can za su nuna miki abin da ba za ki gani a Kano ko Kaduna ba: harajin man fetur da iskar gas, na kamfanonin sadarwa, da rigimar farashin da kamfani yake yanka wa kansa in yana ciniki da uwar kamfaninsa a waje. Ta wannan kafa ce ake kwashe riba daga ƙasar da aka same ta a kai ta inda haraji ya yi sauƙi. Nijeriya ta fitar da ƙa'idoji a kan haka a 2012 ta sabunta su a 2018, ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar harajin manyan kamfanoni ta OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a 2021 don ta ga rabon bai yi mata ba, kuma ita ce ta gabatar da ƙudurin ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023 na a mai da tattaunawar can. Ana buƙatar 'ya'yanmu a waɗannan teburori.

A wannan mataki ne jarrabawarki za ta juya. In doka ta buɗe ƙofa biyu, ɗaya ta fi sauƙin haraji, nuna wa mai kasuwanci ita halal ne, kuma aikinki ke nan. Amma littafi biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na hukuma, ko rasit na bogi, ko mai da kwanan wata baya, ko albashin ma'aikatan da babu su, wannan zamba ce, kuma lauyar da ta tsara ta tana cikin laifin. Wasu za su zo wurinki don sun ji kin yi aiki a ciki kin san mutane, su ce ki je ki gano musu nawa za a bayar a rufe fayil. Ki sallame su da kyakkyawar magana, ko da kuɗin hayar ofis ne a hannunsu. Fayil ɗin da ya taɓa bi ta teburinki kina gwamnati kuwa, kada ki karɓe shi daga ɗaya gefen ko an shekara nawa. Ilimin yadda hukuma take aiki naki ne ki fita da shi, sirrin mutane da alfarmar tsofaffin abokan aiki ki bar su a can.

Akwai wani fanni da nake ganin kamar don ke aka yi shi, tun da kin haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci a digirinki. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, wasu bankunan marasa ruwa sun biyo baya. Dokokin harajinmu kuwa da bashi mai ruwa a zuciya aka rubuta su. A murabaha banki yana sayen kaya ne ya sayar wa mutum da riba, ciniki biyu ke nan, kuma in ba a kula ba sai haraji ya hau sau biyu a kan abin da mai karɓar bashin ruwa zai biya sau ɗaya. FIRS ta fitar da ƙa'idoji a kan wannan a 2022, amma masu fahimtar fiƙihun ciniki da dokar haraji a lokaci guda ba su da yawa.

Koyarwa na sa ta a ƙarshe don ɗalibi yana gane malamin da ya taɓa riƙe takardar ƙiyasi a hannunsa da wanda a littafi kawai ya gan ta. Yara suna gudun darasin haraji saboda lambobi, amma ranar da kika shigo aji da takarda ta gaske, kin goge sunan mai ita, kika ce su nemo inda jami'i ya wuce gona da iri, za ki ga aji ya farka. Albashin ba shi da yawa, kin gani a gidan nan, kin kuma tuna yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022. Ki shigo bayan kin tsaya da ƙafarki, yadda ba za ki taɓa kallon aljihun ɗalibi ba. Amma digiri na biyu kada ki jira, ki yi shi kina aiki, ki kuma saba da rubuta sharhi a kan sababbin hukunce-hukunce tun yanzu. In kin shiga jami'a ki nuna wa ɗalibanki gine-ginen da aka rubuta TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jikinsu, ki gaya musu asalinsu. Daga gwagwarmayar ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta 1992, zamanin shugabancin Attahiru Jega, aka samu dokar 1993 da ta ɗora kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni don ilimi. Ɗakin da suke zaune a ciki, dokar haraji ce ta gina shi.

Malamin haraji kuma ajinsa bai tsaya a jami'a ba. Kin ga abin da ya faru a kan rabon VAT. Harajin ya fara a 1994 da kashi 5, ya koma 7.5 a 2020. A 2021 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ba Jihar Ribas gaskiya cewa ita ya kamata ta karɓa, ƙasa ta ɗauki zafi. A Oktoban 2024 gwamnonin Arewa suka taru a nan Kaduna suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon da aka kai majalisa, aka yi ta ja har aka tsaya a kan kashi 10 ga tarayya, 55 ga jihohi, 35 ga ƙananan hukumomi, kuma a cikin na jihohi rabi a raba daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. A duk tsawon wannan muhawara, masu magana da Hausa a rediyo da suka karanta ƙudurin daga farko zuwa ƙarshe ba su da yawa. Haka da Janairun 2026 ta ƙarato, jita-jita ta cika gari cewa za a riƙa zare haraji daga duk kuɗin da ya shiga asusun mutum, har wasu suka koma ɓoye kuɗi a gida. Da wuya ka sami mai zama ya gaya wa ma'aikaci cewa naira 800,000 na farko na abin da yake samu a shekara ba haraji a kansu, ko cewa zai iya neman ragin kashi 20 na kuɗin hayar gidansa har zuwa naira 500,000. Za a matsa miki ki yi magana a matsayin 'yar Arewa. Ki yi, ki kare haƙƙin mutanenki da hujja, amma inda doka ta yi musu daidai ki faɗa, inda gwamnoninmu suka karɓa ba su yi aiki ba ki faɗa, don mai biyan haraji yana da haƙƙin ya tambayi ina kuɗinsa suka shiga.

Mahaifiyarki damuwarta ɗaya ce, aure da yawan canjin wurin aiki. Duk wanda ya zo da magana ki gaya masa gaskiya tun farko cewa aikin nan yana iya kai ki Bauchi ko Ibadan, a daidaita kafin a ɗaura. Mai Shari'a Aloma Mukhtar daga ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa ta fara, ta zama Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya a 2012, don haka ba ke ce za ki fara bin hanyar ba.

Ki rubuta wa mutanen Legas ki gode musu da kyau, ki ce kina so ki fara da aikin hukuma kuma za ki so ku ci gaba da zumunci, don wata rana ƙofarsu za ki ƙwanƙwasa. Malaminki kuma ki je ki same shi da kanki, kada ki aika saƙo, ki tambaye shi ko akwai tsarin digiri na biyu na ƙarshen mako. Ki haɗa takardunki na makarantar lauyoyi ta Bagauda da na kiranki lauya wuri ɗaya tun yanzu, don in aka buɗe ɗaukar aiki ba a ba da lokaci mai tsawo. In za ki taho gida farkon azumi ki bugo dokar gudanar da haraji a takarda, idona ba ya jure karatu a waya, mu zauna bayan tarawihi mu bi sassan ƙorafi da ɗaukaka ƙara tare. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki, ta ce in kin samu mota mai kyau ki taho mata da doya da manja.

Wassalam.

Mahaifinki.